Gida Shida a Kan Takarda: Abin da Na Gani da Na Shigo da Shafukan Zanen Labari Cikin Ajina

Duk malamin Hausa da ya taɓa zama da tarin littattafan insha'i a gabansa ya san wata cuta da take damun rubutun yaranmu, wadda ni nake kira cutar "sai". Yaro zai ɗauko labari, sai wane ya zo, sai suka tafi, sai dare ya yi, sai gari ya waye, har ya cika shafi biyu ba tare da mai karatu ya gane abin da ya jawo wani abu ba, balle dalilin da ya sa aka tsaya a inda aka tsaya. Shekara tara ke nan ina koyarwa a wata ƙaramar sakandare a cikin garin Gombe, kuma na daɗe ina rubuta "tsara labarinka" da jan biro a ƙasan aikin ɗalibai, alhali a zuciyata na san ban taɓa nuna musu yadda ake tsarawar ba. Abin ya fi damuna ne saboda yaran nan ba su rasa labari a bakinsu ba. Wanda ya kasa rubuta sakin layi uku masu ma'ana, shi ne zai tsaya a gindin dalbejiya lokacin tara, ya kwashe labarin wasan ƙwallon jiya tiryan-tiryan, kowa ya yi tsit yana sauraro.

Hanyar da na bi ta zo mini ne daga wajen ƙanena, wanda yake ɗaukar bidiyon bukukuwa da ƙananan tallace-tallace. Wata rana na same shi a shagonsa ya baje takarda mai layuka, ya raba ta gida-gida kamar gidajen dara, a kowane gida ya yi ɗan zane, a ƙasa kuma ya rubuta abin da za a faɗa. Ya ce mini, "Yaya, idan ban yi wannan ba kafin in ɗauki kyamara, sai in ɓata yini guda ina ɗaukar abin da ba zan yi amfani da shi ba." Wannan shi ne allon tsara labari, kuma dabara ce da ta samo asali daga masu yin fim ɗin zane. A farkon shekarun 1930, a kamfanin Walt Disney da ke Amurka, wani ma'aikaci mai suna Webb Smith ya riƙa zana kowane yanki na labari a takarda daban, yana manna su a jere a jikin allo, domin a ga labarin gaba ɗayansa da ido kafin a kashe kuɗi da lokaci a kansa. Idan wani yanki bai zauna ba, a cire shi, ko a matsar da shi gaba. Tun a shagon na fahimci cewa abin da ɗalibaina suka rasa ke nan: wurin da za su ga labarinsu a shimfiɗe, su iya taɓa shi, su iya sauya masa wuri.

Matsalar farko ita ce yawancin yaran ba su iya zane ba, kuma yaron da ya ga zanensa ya zama abin dariya a aji ba zai sake ɗaukar fensir ba. A nan ne shafukan intanet na haɗa labari cikin zane suka shigo. Akwai su da dama. Akwai MakeBeliefsComix, wanda wani ɗan jarida Ba'amurke, Bill Zimmerman, ya buɗe a 2006, kuma ana iya shiga a haɗa zane a cikinsa ba tare da an yi rajista ba. Akwai Storyboard That, shi ma daga Amurka, wanda aka gina musamman domin irin wannan aiki na jera labari gida-gida. Akwai Pixton daga Kanada, sannan akwai Canva, na ƙasar Ostireliya, wanda aka fara a 2013, wanda da yawa daga cikin matasanmu sun riga sun san shi ta hanyar haɗa katin gayyatar ɗaurin aure. Aikinsu kusan iri ɗaya ne: mutum ya zaɓi yawan gidajen da yake so, ya ɗauko wuri ya sa a baya, ya ɗauko mutane ya tsayar da su, ya sauya musu tsayuwa da yanayin fuska, sannan ya buɗe musu kumfar magana ya rubuta abin da suke faɗa. Ɗalibaina ba su yarda da kalmar kumfa ba, balan-balan suke cewa, ni ma daga baya na bi su.

Gwajina na farko bai yi nasara ba. Ina da ɗalibai sittin da huɗu a aji biyu, kayan aikin da nake da su kuwa kwamfutata ta hannu ce guda ɗaya, da wayata, da wayoyi biyu da abokan aiki suka ara mini. Na raba yaran rukuni-rukuni, na ce kowane rukuni ya haɗa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da ya fi so. Minti arba'in ɗin darasin suka ƙare a zaɓen launin riga da gardamar wanda zai riƙe waya, ga intanet ɗin tana zuwa tana ɗaukewa, kuma da aka kaɗa ƙararrawa babu rukuni ɗaya da ya wuce gida na biyu. Da na zauna a gida na yi nazari, sai na gane cewa na miƙa musu kayan ado ne kafin a gina ɗaki. Tunanin labarin, wanda shi ne manufar darasin, ba a ma fara shi ba.

Saboda haka na juya tsarin. Mako na gaba ban shigo da waya aji ba ko guda. Na ba kowane rukuni farar takarda, na ce su naɗe ta biyu a tsaye, sannan su naɗe ta uku a kwance, da suka buɗe sai ga gida shida. Na kafa musu sharuɗɗa uku kacal. Labarin duka dole ya shiga gida shidan nan, ba a ƙara ko ɗaya. Kowane gida abu ɗaya ne yake faruwa a cikinsa. Kuma babu balan-balan ɗin da zai wuce kalma goma. Zanen kuwa na ce ko da kara da ƙwallo ne, wato layi a matsayin jiki da da'ira a matsayin kai, ya wadatar, domin kwamfuta za ta yi mana kwalliyar daga baya. Rukunin da takardarsa ta gamsar da ni ne kaɗai zai hau kwamfuta.

Maimakon tatsuniya, sai na ɗauko musu tarihin da ya faru a ƙasarmu ta Gombe, wato labarin Burmi. Na ba su shi a baki, yadda yake. Turawan Ingila sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya bai yarda ya zauna a ƙarƙashinsu ba, ya fita ya nufi gabas da niyyar hijira, jama'a masu ɗimbin yawa suka riƙa barin garuruwansu suna bin sa, manya da talakawa, maza da mata. Tafiyar ta kawo su Burmi, wadda mutanen yankin suke kira Mbormi, a cikin Ƙaramar Hukumar Funakaye ta yanzu, kusa da Bajoga. A watan Mayu Turawa suka kai wa garin hari aka kore su, suka sake shiri suka dawo ranar 27 ga Yuli, aka gwabza, Sarkin Musulmi ya yi shahada tare da jama'a masu yawa, shi ma jagoran sojan Turawa, Manjo Marsh, a nan ya mutu. Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har Sudan, inda zuriyarsu take har yau a garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Da na gama, na ce to, ga wata huɗu da 'yan kwanaki na tarihi, ku sa mini su a gida shida.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi kyawun minti talatin da na taɓa gani a wannan aji. Na tsaya a bayan wani rukuni na yara takwas ina sauraro. Wani yaro ya dage cewa gida huɗu daga cikin shidan yaƙi za a zana, domin a ganinsa yaƙin ne labarin. Abokinsa ya ce masa idan aka yi haka, wanda bai san tarihin ba zai tambaya me ya kawo Sarkin Musulmi daga Sakkwato har nan, kuma babu gidan da ya rage da zai amsa masa. Suka koma suka ƙirga: faɗuwar Sakkwato gida ɗaya, fita gida ɗaya, tafiya gida ɗaya, yaƙin farko, yaƙi na biyu, sai gida na shida. A kan gida na shidan nan suka rabu biyu, wasu suna cewa a rufe da shahadar Sarki, wasu suna cewa a rufe da waɗanda suka wuce Sudan, domin labarin bai mutu a Burmi ba. Ban sa musu baki ba. Yaran da suke rubuta mini "sai, sai, sai" su ne yau suke gardama a kan mafari da sanadi da ƙarshe, kuma babu wanda ya koya musu waɗannan kalmomi a allo. Ƙarancin gidajen ne ya tilasta musu su zaɓa, zaɓen kuma ya tilasta musu su yi tunani.

A cikin rukunin akwai wata yarinya da tun farkon shekara ban taɓa jin ta ɗaga hannu ba. Ita ce ta ce, a hankali, "Malam, ai ba dole ne mu bi Sarki ba. Za mu iya tsayawa wuri ɗaya, su zo su wuce mu." Na ce ta yi mini bayani. Ta ce a ɗauki wata mata tana jan ruwa a rijiya a bakin hanya, a gida na farko ta ji labari daga bakin fatake, a na biyu ta hango ƙura, a na uku ayarin ya tsaya shan ruwa a wajenta, ta tambayi wata tsohuwa daga ina, a na huɗu mijinta ya ɗauki buzunsa ya bi su, a na biyar ta ji ƙarar bindiga daga nesa, a na shida kuma ga ta a bakin rijiyar tana kallon hanya, babu kowa. Wannan yarinya mai shekara goma sha uku ta gano da kanta abin da masana adabi suke kira mahangar mai ba da labari, kuma ta warware wata matsala da ni kaina nake ta juyawa a raina, wato yadda za a kauce wa zana fuskar Sarkin Musulmi da zana gawarwaki a aikin yara.

Da muka hau kwamfuta, aikin da ya gagare mu a minti arba'in sai ya riƙa ƙarewa a minti goma sha biyar, saboda kowane rukuni ya zo da abin da yake nema a hannu. A nan ne na ga ainihin amfanin waɗannan shafuka. Yaro yana iya ɗaukar gida na huɗu ya mayar da shi na biyu ya ga yadda labarin ya sauya, ba tare da ya goge komai ba. Yana iya sauya fuskar matar daga mamaki zuwa tsoro, ya tambayi 'yan rukuninsa wanne ya fi dacewa, kuma wannan tambaya ita kanta darasin auna fahimta ce. Wanda bai iya zane ba ya sami aikin da ya fito tsaf kamar na kowa, ya daina jin kunya. Na kuma lura cewa ƙanƙantar balan-balan tana gyara jimla fiye da jan birona, domin yaro da kansa yake ganin maganar ta cika ta rufe fuskar mai yin ta, ya koma ya rage.

Sai dai akwai abubuwan da suka ba mu wahala, kuma ya kamata duk malamin da zai gwada ya san su tun da wuri. Na farko shi ne haruffanmu masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. A waya ba su da wuyar samu, domin allon rubutu na Gboard yana da Hausa. Amma a ɗaya daga cikin shafukan da muka yi amfani da su, da muka rubuta "sun bar ƙasarsu a ƙafa", sai wani ɗan akwati ya fito a gurbin kowace ƙ, saboda salon rubutun da aka zaɓa bai san harafin ba. Wani ɗalibi ya ce a sa k kawai a wuce. Na ƙi, na tambaye shi bambancin ƙasa da kasa, da bambancin ƙafa da kafa, da na ɓari da bari, ya yi shiru. Ba zan shekara ina koyar da ƙa'idojin rubutu ba, sannan in bar na'ura ta rushe su a minti ɗaya. Mafitar da muka samu ita ce gwada salon rubutu daban-daban har mu dace da wanda ya karɓi haruffan, inda kuma ya gagara, sai mu buga zanen da balan-balan a buɗe, yara su cike da hannu. Daga baya ma na fi son wannan hanya ta biyu, domin rubutun yaro yana fitowa a jikin aikinsa.

Na biyu shi ne hotunan da suke cikin rumbun shafukan. An yi su ne da tunanin yaran wasu ƙasashe, saboda haka za ka sami motar makaranta da dusar ƙanƙara da gidajen katako iri-iri, amma ka sha wuya kafin ka sami babbar riga da rawani, ko rumbu, ko zaure, ko guga da wasaki a bakin rijiya. Ana iya sauya launin fata, ana iya samun mayafi da doguwar riga a wasu wuraren, amma rijiyar da muka samu ta dutse ce mai rufi, irin ta ƙauyukan Turai. Yarinyar nan ta dube ta ta ce wannan ba rijiyarmu ba ce. Abin da muka yi shi ne, wani yaro da Allah ya ba hannun zane ya zana rijiya da guga da bishiyar kuka a takarda, muka ɗauki hotonsu da waya muka ɗora a matsayin bayan fage. Ina ganin wannan giɓi babba ne, kuma aiki ne da yake jiran matasanmu masu ilimin kwamfuta da zane, irin waɗanda suke fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya da Jami'ar Jihar Gombe: rumbun hotuna na tufafinmu da gidajenmu da kasuwanninmu, wanda malami zai ɗauka kyauta.

Akwai kuma batun kuɗi da amana. Kason kyauta na yawancin shafukan yana da iyaka, ko a yawan aikin da za a adana ko a yawan hotunan da za a taɓa, cikakken kuma da dala ake biyansa, abin da albashin malamin makarantar gwamnati ba zai ɗauka ba. Data daga aljihuna take fita, cajin kwamfuta kuwa sai na yi shi tun dare idan an kawo wuta. Ban buɗe wa ko ɗalibi ɗaya asusu da sunansa ba, kuma ban ɗora hoton fuskar kowa ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a 2023 ta nemi a sami yardar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, kuma ko babu doka, 'ya'yan mutane amana ne a hannuna. Asusu ɗaya nawa muke amfani da shi, rukunonin kuma lamba suke ɗauka a maimakon suna.

Wata safiya wani dattijo, mahaifin ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya zo makaranta ya nemi ganina. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam, yaron nan ya ce mini kuna koya musu zana mutane. Ni kuwa a abin da na karanta, ina da damuwa da zanen abu mai rai." Na ce, "Baba, na gode da ka zo da kanka ba ka tsaya a jita-jita ba." Na ɗauko takardun na shimfiɗa masa, na nuna masa cewa abin da nake nema shi ne yaro ya san abin da ya zo farko da abin da ya biyo baya. Ban ja shi da gardamar fiƙihu ba, domin ba fagena ba ne, kuma malamai suna da maganganu a kai. Na ce masa ɗansa zai iya yin nasa gidajen shida da wurare da kayayyaki da rubutu kawai. Ya amince. Aikin da yaron ya kawo ya ba ni mamaki: ƙofar gari a buɗe, sawun dawaki a kan rairayi, tulu a fashe, tuta a jingine da ganuwa, kuma labarin Burmi ya fito sarai ba tare da mutum ko ɗaya a ciki ba. Tun daga ranar nake ba kowane rukuni wannan zaɓi.

Gwajin gaskiya ya zo ne bayan mako uku, lokacin da na karɓe takardun da wayoyin, na ce kowa ya rubuta insha'i a kan ranar kasuwa, amma kafin ya fara ya ja gida shida a bayan littafinsa ya cike su da kalma biyu-biyu. Ba zan ce duk ajin ya sauya ba. Akwai kusan kashi ɗaya cikin uku da har yanzu matsalarsu ta karatu ce tun daga tushe, kuma babu shafin intanet da zai maye gurbin zama da su a koya musu haɗa baƙi da wasali. Amma a cikin sauran na fara ganin kalmomin da na daɗe ina nema: "saboda haka", "kafin nan", "duk da cewa", "ashe". Yaron da ya so ya cika gida huɗu da yaƙi ya rubuta sakin layi shida, kowanne da abu ɗaya a cikinsa, ya kuma buɗe labarinsa da ɓacewar kuɗin cefane, sannan ya koma baya ya faɗi yadda aka aike shi.

Malamin kimiyya na makarantarmu ya ga zanen Burmi a manne a bangon aji, ya tambaye ni ko dabarar za ta yi aiki a darasin da ba labari ba. Mun shirya cewa zango mai zuwa ɗalibansa za su sa zaizayar ƙasa a gida shida, tun daga sare bishiyoyi da toshe magudanar ruwa da shara, har zuwa ranar da kwari yake cinye katangar gida, abin da yawancinsu suke gani da idonsu a unguwanninsu duk damina. Ni zan duba musu rubutun cikin balan-balan, shi zai duba ko sanadi ya zo kafin sakamako, yaron nan mai hannun zane kuma ya riga ya fara zana mana kwarin da yake bayan gidansu.